Kaskon Opal Tidwell

A garinmu, idan ka ji ana buga cokali a jikin kasko, kan-kan-kan, ba sai ka tambaya ba, Opal Tidwell ce ta sauke girki. Yaran makaranta sun san wannan ƙarar, karnukan unguwa sun san ta, har mai kawo wasiƙa ya san lokacin da ya kamata motarsa ta ɗan lalace a ƙofar gidan.

Kaskon na baƙin ƙarfe ne, mai nauyi, gadon uwarta. Uwar ta rasu Opal tana budurwa, ta bar mata abu biyu: kaskon, da ƙaninta Vernon, wanda a lokacin ko igiyar takalminsa bai iya ɗaurewa ba. Ubansu aikin masaƙa yake yi, ya fita da duhu ya dawo da duhu. Sai Opal ta ajiye littattafanta ta ɗauki cokali, ba ta kuma sake ajiye shi ba. A cikin kaskon nan ta gasa burodin masarar da Vernon ya girma da shi, a cikinsa ta soya kajin bikinsa.

Irin wannan kasko ba a sa masa sabulu. A goge shi da gishiri da tsumma, a shafa masa mai, a rataye. Baƙin nan mai ƙyalli da ke jikinsa shi ne darajarsa, man girkin shekara da shekaru ne ya kama ƙarfen, shi ke sa ƙwai ya zame ba ya kamawa. Duk macen da ta tashi a arewacin Alabama ta san wannan, ban da Glenda, matar Vernon, wadda a birni ta tashi. Tana amarya, don neman suna wajen dangin miji, ta ɗauki kaskon za ta tsoma a ruwan kumfa. Ihun da Opal ta yi ranar har maƙwabta suka leƙo. An yi dariya an wuce, amma tun daga nan akwai ɗan sanyi tsakanin matan biyu, irin wanda ba ya hana gaisuwa.

Opal ta yi aure, Allah bai ba ta haihuwa ba, mijin ya riga ta tafiya. Ta yi shekara talatin da ɗoriya tana dafa wa yaran firamare abinci, kuma a duk shekarun nan ba a taɓa jin yaron da ya fita daga layinta da farantin da bai cika ba. Ta yi ritaya, hannun bai yi ba. Ta ciyar da fasto, ta ciyar da masu gyaran titi, ta ciyar da duk karen da ya san hanyar ƙofar bayanta. Matsalar Opal guda ce, ba ta iya ganin haƙarƙari a waje ta kau da kai. Ko a mutum, ko a dabba. Mu kuwa da muka ci moriyar wannan hali, yabonsa muke yi, babu wanda ya taɓa ce mata akwai inda ba ya aiki.

Da Vernon ya bar aikin kamfanin lantarki, sai ya sayi motar da ya daɗe yana mafarki, doguwa fara, mai gado da kicin da banɗaki a cikinta. Amarya yake kiranta. Yana wanke ta fiye da yadda yake wanke kansa. Duk watan Oktoba, lokacin da ganyen duwatsun Tennessee ke komawa ja da rawaya, sai ya kwashi Glenda da yayarta da wanta Hoyt, su tafi Gatlinburg su yi mako. Gadajen motar huɗu ne, mutane huɗu. Aikin Opal shi ne ta cika musu kula da soyayyar kaza, ta tsaya a bakin titi tana ɗaga hannu, sannan ta riƙa ba furannin Glenda ruwa har su dawo. Ba ta taɓa cewa a tafi da ita ba. Sai dai duk hoton da suka kawo mata, tana manna shi a ƙofar firji.

A shekarar da nake ba da labari, aka yi wa yayar Glenda aikin ƙugu. Gado ɗaya ya zama babu kowa.

Vernon ne ya zo da kansa, yana murza hula a hannu. "Yaya, ko za ki bi mu bana?"

"Ni? Wa zai kula da furannin matarka?"

"Su bushe mana. Ki haɗa kayanki."

Opal ba yarinya ba ce, ta san cike gurbi aka yi da ita. Amma ta ƙudura a ranta cewa kafin a dawo, sai sun kasa tuna yadda suke yin tafiyar ba ita. Hanyar da ta sani kuwa ɗaya ce. Ta naɗe kaskon a tsohon tawul ta rungumo shi.

Glenda na ganinsa ta ce, "Yaya Opal, don Allah ban da suya a cikin motar. Labulen nan idan suka sha ƙauri ba ya fita."

"Kada ki damu, a waje zan yi."

Hoyt, wanda ya riga ya miƙe ƙafa a kujerar baya yana buɗe gwangwanin sadin, ya ce, "Ki bar ta ta yi suya, Glenda. Shekara nawa kina ba mu biredi da ganye kamar awaki?"

"Kai kuma rufe mana baki. Warin kifinka kaɗai ya ishi labulen."

Hoyt tuzuru ne mai furfura, mai barkwanci, wanda tun yana yaro duk abin da ya fashe a gidansu shi ake fara kallo. Ya saba har ba ya musu.

Masaukin yana bayan gari, a bakin rafi, motoci irin ta Vernon jere a ƙarƙashin itatuwa, ga 'yan tantuna a gefe. Matar da ke bakin ƙofa ta leƙo ta tagar direba ta yi musu karatun da take yi wa kowa.

"Abinci ba ya zama a waje, ko ɓawon ayaba. Shara a akwatin ƙarfe, a ja sakata. Bana 'ya'yan itace ba su yi ba a dutse, beyar, dabbar dajin nan mai gashi da farce, tana saukowa. Wadda ta ɗanɗana abincin mutum ba ta komawa daji, daga nan sai harsashi. Kun ji ni?"

Hoyt ya ce, "To ku kama wannan baiwar Allah tun yanzu ku huta. Ko zaki ta gani sai ta tambaye shi ko ya karya."

Aka yi dariya, har da Opal. Ta ji maganar matar sarai, kada wani ya ce ba ta ji ba.

Kwanakin farko sun yi mata daɗin da ba ta taɓa ji ba. Ta kafa murhun gas a kan teburin katako, ƙamshi ya bi masaukin. Da ta buga cokali, Vernon da Hoyt su fito suna tuntuɓe da juna. Glenda ta ci burodin masara yanka biyu, ta ce iskar dutse ce ke sa yunwa. Wata mata daga motar da ke kusa, 'yar Ohio, ta zo tambayar yadda ake yi, ta koma da faranti a rufe. Da rana su shiga gari, su kutsa cikin jama'a, su kalli masu tuƙa alewa ta gilashi. Garin kaf beyar yake sayarwa: ta katako a ƙofar kowane kanti, ta auduga, ta jikin riga, ta jikin kofin shayi. Suka hau kujerar nan mai tafiya a kan igiya zuwa ƙololuwar dutse, Opal ta ƙanƙame hannun Vernon, idonta a rufe, tana kiran sunan Yesu. Da suka isa sama ta buɗe ido, ta ga duwatsu sun yi ja har iyakar gani.

Vernon ya ce, "Da na sani, da tuni na kawo ki, Yaya."

Ta ce, "Ai ga shi ka kawo ni." Wannan maganar ta riƙe ta a zuci kamar an ba ta kyauta.

Wanda ya yi shekara talatin yana kunna wutar kicin ɗin makaranta ba ya iya barcin safe. Gari na fara haske Opal take fita, sauran suna minshari. Wata safiya tana soya naman alade, hazo bai tashi daga rafin ba, sai ta ji ana kallonta. Ta ɗaga kai. A gindin itatuwa, bayan motar, ga beyar tsaye.

Ba irin ƙatuwar nan ta jikin riga ba ce. Ƙarama ce, da kaɗan ta fi babban kare, da alama ba ta daɗe da rabuwa da uwarta ba. Gashinta ya cukurkuɗe, ƙugunta ya fito, a kunnenta na hagu akwai wata alamar roba rawaya. Ba ta yi gurnani ba, ba ta matso ba. Hancinta kawai take ɗagawa sama tana shaƙa.

Abin da ya fito daga bakin Opal shi ne, "Wayyo, 'yar nan. Wa ya bar ki haka?"

Ta kwashe naman. Ta dubi ƙofar motar, a rufe. Ta farfasa ragowar burodin jiya a cikin man da ya rage a kaskon, ta jira ya huce, ta zagaya baya ta ajiye a kan wani dutse. Hannunta, ba tare da ya yi shawara da ita ba, ya buga cokalin a gefen kaskon, a hankali. Ta ja baya ta laɓe a jikin mota. Beyar ta zo ta lashe kaskon tas, har tana dafe shi da hannu kada ya gudu, sannan ta shige daji.

Opal ta ce wa kanta sau ɗaya ne. Washegari ma haka ta ce. Ta gaya wa kanta ai a bayan mota ne, babu mai gani, kuma yarinyar da ta ƙoshi ba ta shiga gidan mutane sata. Da wannan hankalin ta raini yara, da shi ta auna beyar. Idan ta ɗauko kaskon ta goge shi da gishiri, ta ƙona shi a wuta, ta shafa mai, ta tura shi cikin akwatin kaya da ke gefen motar daga waje, tunda Glenda ba ta son ƙamshinsa a ciki. Kafin mako ya raba, da ta buga cokali a hankali, sai ganye ya motsa.

Ranar da abin ya fashe, sun je gari cin fanke, suka daɗe a layi. Da suka dawo da la'asar, sun tarar da mutane cirko-cirko a gaban motarsu. An ɓalle murfin akwatin kayan gefe, an lanƙwasa shi, farin jikin Amarya duk zanen farce tun daga taya har taga. Kaskon yana yashe a ƙasa. Can gaba, tantin wasu ma'aurata masu jariri a yage, matar tana zaune a motarsu ta kulle ƙofa tana kuka da ɗanta a ƙirji. Ba a taɓa kowa ba, amma saura kaɗan.

Vernon ya shafa zanen da tafin hannu.

Jami'in gandun daji ya riga ya iso, saurayi dogo mai magana a sanyaye. Ya janyo tarko a bayan motarsa, wata ƙatuwar ganga ta ƙarfe a kwance, ƙofa a gaba, raga a baya.

Ya ce, "Na san ta. Ni na sa mata alamar kunnen nan da bazara, na kai ta can bayan dutse. Na so a ce ta zauna." Ya dubi jama'a. "Wannan ba shara take bi ba. Ba ta ko kalli akwatunan ba. Akwai wanda ke ba ta."

Sai idon Glenda ya sauka a kan gwangwanin sadin, buɗe, a ƙarƙashin kujerar da Hoyt ke zama a waje.

"Hoyt!"

"Na'am?"

"Mene ne wancan? Sau nawa na gaya maka? Ƙato da kai, furfura har a kunne, ba ka iya kai gwangwani shara ba? Dubi motar mutum! Da jaririn nan ta taɓa fa?"

Hoyt ya cire hula ya sosa kai. Ya dubi gwangwanin, ya dubi matar da ke kuka. "Ni ne," in ji shi. "Mantawa na yi. Ku yi haƙuri, jama'a."

Opal tana tsaye a wurin, kaskon a hannunta. Bakinta ya buɗe. Abin da ya hana maganar fita ba tsoron jami'i ba ne, gadon nan ne na cikin mota, da maganar Vernon a kan dutse. Ta rufe bakin. Ta matso kusa da saurayin ta tambaye shi ƙasa-ƙasa, "Idan kun kama ta, can za ku sake mayar da ita?"

Ya ce, "Sau ɗaya ake mayarwa, Mama."

Da yamma ta soya wa Hoyt kifi da garin masara, abin da ya fi so a duniya, ta cika masa faranti har yana zuba. Ya ce, "Ke kaɗai ce ba ki tsane ni ba yau, Opal." Ta juya baya tana goge murhun da ba shi da datti. Kunya ta hana ta cin ko loma.

Tarkon ya kwana da zuma da kifi a ciki, beyar ba ta shiga ba. An dai ga sawunta a wajen lilon yara. Opal ta ji daɗi a ɓoye, ta yi addu'a Allah ya kora ta can bayan dutse. Da safe ba ta fita da wuri ba, sai da rana ta fito, mutane suka firfito da kofunan kofi suna maimaita labarin jiya. Jami'in yana jingine da motarsa. Ta kunna wuta, ta yi ƙwai, ta yi miyar madara da kitse, hankalinta yana wani wuri. Ta sauke. Vernon da Glenda suna ciki. Sai hannun nan nata, wanda ya yi shekara hamsin yana abu ɗaya, ya ɗauki cokali.

Kan-kan-kan.

Ganye ya motsa. Beyar ta fito daga cikin itatuwa, ba sanɗa ba gudu, ta wuce tarkon ko kallo bai ishe ta ba, ta wuce kujerar Hoyt, ta zo daidai dutsen nan na bayan mota. Ta zauna a kan gindinta, ta zuba wa Opal ido tana jira.

Masaukin ya yi tsit. Ba wanda ya buƙaci bayani. 'Yar Ohio ta sa hannu ta rufe baki. Glenda tana tsaye a matakalar mota, Vernon a bayanta. Wani ya danna hon, wasu suka hau tafi da ihu, beyar ta zabura ta koma daji.

Opal ta so ƙasa ta tsage. Cokalin yana hannunta a sama, ta kasa sauke shi. Ta juya wajen Hoyt.  Ya dube ta kawai, sannan ya sunkuyar da kai, kamar shi ne aka kama.

Jami'in ya tako a hankali. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da ya fi mata sauƙi.

"Tun yaushe, Mama?"

"Tun farkon zuwanmu." Ta sauke cokalin. "Ramammiya ce, ɗana. Ka ga ƙugunta kuwa?"

"Na gani." Ya dubi murhun. "Ina so ki ara mini kaskon nan."

Aka sa kowa ya shiga motarsa ya rufe. Saurayin ya tura kaskon, da miyar da ta yi wa 'yan'uwanta a ciki, har ƙuryar gangar, jikin raga. Aka jira. Rana ta ɗaga, ƙudaje suka taru, beyar ba ta fito ba. Opal tana kallo ta tagar Amarya, ba wanda ke magana da ita, ba wanda ke magana da kowa. Can sai ga shi ya dawo yana ƙwanƙwasa ƙofa, hularsa a hannu.

"Ba ƙamshin kaɗai take jira ba," in ji shi. "Na buga da kaina, ba ta zo ba. Idan ba ta shiga yau ba, da karnuka za mu bi ta, kuma wannan ya fi muni. Akwai yara a nan."

Vernon ya miƙe. "A'a. Ba za ka sa ta wannan ba. Ka ba ni cokalin."

Opal ta ce, "Zauna, Vernon. Ba hannunka ta sani ba."

Ta sauka. Tsakanin motar da tarkon ba nisa, amma kowace taga da fuska a jikinta, kuma rabin fuskokin nan sun ci burodinta. Jami'in ya tsayar da ita a bayan ragar, ya tsaya kusa da ita da bindiga. Ta zura cokalin ta tsakanin ƙarafa. Bugun farko bai yi ƙara ba. Ta sake, a hankali, yadda ta saba yi mata.

"Zo, 'yar nan," ta ce. "Zo ki ci."

Ta zo. Ta tsaya a bakin gangar tana shinshina ƙarfen, ta ja baya, ba ta yarda da shi ba. Sai ta hango Opal ta cikin raga, a ɗaya ƙarshen. Ta sa kai ta shiga. Ƙofar ta faɗo da ƙarar da ta sa tsuntsaye tashi. Beyar ta firgita ta juya, ta daki ƙofar, ta yi wani kuka siriri. Da ta ga babu hanya, sai ta dawo kan kaskon ta hau ci, don yunwar gaskiya ce.

Opal ta tsaya har ta cinye. Jami'in bai hana ta ba.

Ya ja tarkon ya tafi, bayan azahar ya dawo da gangar babu kowa a ciki. Ya miƙa mata kaskon, an lashe shi tas. Ba ta tambaya ba, shi ma bai faɗa ba. Matar bakin ƙofa ta zo ta ce wa Vernon, cikin ladabi, gara su kama hanya yau. Suka naɗe rumfa, suka kwashe kujeru, suka cire wayar wuta, duk a idon jama'a. Vernon ya ɗaure murfin da ya lanƙwashe da igiya. Farantin da 'yar Ohio ta karɓa, sai ganinsa suka yi a kan teburi, ta ajiye ta tafi ba sallama.

Hanyar fita ta cikin gari ta bi, ga cunkoso. Suka yi ta rarrafe a gaban kantuna, beyar ta katako tana ɗaga musu hannu a kowace ƙofa. Opal ta zauna a baya, kaskon a cinya cikin tawul. Sai da suka sauka daga duwatsu ta iya cewa, "Hoyt, na bari aka zage ka."

Ya ce, "Ai na saba." Ya yi ƙoƙarin murmushi. "Kifin dai ya yi daɗi." 

Da suka tsaya shan mai, maza suka sauka. Glenda ta shiga kanti ta sayo biredi mai nama a takarda, ta dawo ta zauna kusa da Opal, abin da ba ta taɓa yi ba. Opal ta shirya wa faɗa. Ta ma ƙosa a yi mata shi. Maimakon haka sai Glenda ta dafa mata hannu.

"Yaya Opal, na san ba da mugunta kika yi ba. Kowa ya san zuciyarki. Mun yi magana da Vernon, baɗi ma da ke za a zo, ko yayata ta warke sai mu san yadda za mu yi da gado." Ta ɗan matsa hannun. "Amma ba sai kin wahalar da kanki da girki ba. Ki zo kawai ki huta, a saya a ci. Kin ji?"

Da zuciya ɗaya ta faɗa, wannan ne ya sa ya fi zafi. Gadon da Opal ta yi shiru dominsa, ga shi an ba ta har abada. Ta dubi biredin da ke cikin takarda, ta ce, "To. Na gode."

Rana na shirin faɗuwa suka iso garinmu. Aka fara sauke ta. Karnukan unguwa sun ji tsayuwar mota, kafin ta buɗe ƙofar gaba har sun taru a ta baya, suna kaɗa jela a jikin raga. Ba ta kalle su ba. Ko rigar sanyinta ba ta cire ba, ta wuce kicin, ta toshe wurin wanke-wanke, ta sake ruwan zafi. Ta matsa sabulu har kumfa ya tashi. Ta warware tawul, ta tsoma kaskon, ta ɗauki soson ƙarfe.

Baƙin bai fita da sauƙi ba. Na shekarun makaranta ya fita, na kajin bikin Vernon ya fita, ruwan ya koma kamar tawada. Ta zubar ta sake tara wani. Can ƙasa akwai wanda ba ita ta sa ba, na hannun uwarta, shi ma ta bi shi da soso har farin ƙarfe ya fara leƙowa.

Vernon ya shigo da jakarta, ya tsaya turus a bakin ƙofa.

"Yaya. Sabulu ne fa."

"Na gani."

"Kaskon Mama ne."

Ba ta juyo ba. Ta ɗaga shi daga ruwan, ta kai hancinta, ta mayar da shi cikin kumfa.

"Har yanzu yana ƙamshi," in ji ta, ta ci gaba da gogewa.